Haƙƙin Yaro Mai Nauyin Karatu a Kan Malaminsa da Iyayensa

Muna gode wa Allah Maɗaukakin Sarki, Wanda Ya raba fahimta tsakanin bayinSa kamar yadda Ya raba musu arziki, Ya yalwata wa wani, Ya ƙuntata wa wani, bisa hikimar da Shi kaɗai Ya san iyakarta. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

  Yau 12 ga watan Ramadan, Allah Ya karɓi abin da ya wuce, Ya sauƙaƙa mana abin da ya rage.

Jiya mun tsaya a kan ladubban tilawa, da niyyar yau mu ci gaba. To, sai wani saƙo ya iso gare ni daga wata baiwar Allah, na ga bai kamata in ajiye shi ba. Ta ce tana da ɗa mai shekara 11. Shekararsa biyar ke nan a makarantar allo, an sauya masa malami har sau uku, amma har yau bai fita daga babbaƙu ba. Malaminsa na yanzu ya ce kansa ba ya ja. Mahaifinsa ya ce bayan Salla zai haɗa shi da wani malami mai tafiya ci-rani, ko a can bulala ta buɗe masa kai. Alhali kuwa, in ji ta, yaron nan ya san awakin gidansu ɗaya bayan ɗaya, kuma in aka aike shi kasuwa ba mai cutarsa a canji. Tana tambaya: sammu aka yi masa? Yana da zunubi a kan rashin karatun nan? Ta bari a tafi da shi?

Baiwar Allah, zan ba ki amsa in Allah Ya yarda. Amma tambayarki ta wuce gidanki. Ba unguwar da babu irin ɗanki, daga Maraɗi har Damagaram, daga Tawa har Yamai. Saboda haka yau za mu yi magana a kan makarantunmu na addini, na zaure da na ƙofar gida da ƙananan Islamiyyu, mu duba da adalci abin da suke yi wa yaro mai nauyin karatu. Ni ɗan makarantar allo ne, ban taɓa zama a bencin lakwal ba, kuma yau fiye da shekara 30 ina karantar da yara. Idan na faɗi laifi, da kaina na fara.

Ina ƙaramin kolo, akwai wani yaro da muka yi karatu tare. Da dare in an hura wuta mun kewaye ta, muryarsa ta fi ta kowa daɗi, duk abin da ya ji na kusa da shi yana biyawa sai ya ɗauke. Amma da safe in malam ya ɗora yatsa a kan harafi ya ce mene ne wannan, sai ya daskare. Ba zai raba ba da ta ba, ba zai raba nun da ya ba. A faɗa masa yanzu, kafin a kai ƙarshen layi ya ɓace masa. Kullum sai ya sha bulala, mu kuwa muna dariya, har muka laƙaba masa wani suna wanda ba zan maimaita shi da bakin azumi ba. Wata rana muka wayi gari ba ya nan. Sai bayan wajen shekara 30 na gamu da shi a wata tasha yana dako. Muka gaisa, ya ja ni gefe, ya sassauta murya ya ce: "Malam, ni da ka na ɗauki Fatiha, ban iya duba ta a takarda ba. Sallata tana yi kuwa?" Na ce ya karanta in ji. Wallahi babu gyara a cikinta ko ɗaya. Shekara 30 bawan Allah nan yana salla a sahun baya, yana jin shi ba kowa ba ne a wurin Ubangijinsa, kuma mu muka sa masa wannan a zuciya. Na roƙe shi gafara a wurin, ya yafe mini, amma har yau abin bai bar ni ba.

Jama'a, mu fara da sanin cewa abin da muke tarawa mu kira daƙiƙanci iri-iri ne. Akwai yaron da hankalinsa garau yake, wayonsa ya fi na tsaransa, amma haruffa ne suke cakuɗe masa a ido. Ku duba rubutunmu: ba, ta, sa, nun da ya, in suka zo a farkon kalma ko tsakiyarta, jikinsu ɗaya ne, ɗigo kaɗai ya raba su. A rubutunmu na Warshu fa ɗigonta ɗaya a ƙasa, ƙaf ɗigonta ɗaya a sama. Abin da wani yaro yake kamawa a kwana uku, wannan zai yi wata uku yana fama da shi, kuma likitoci sun tabbatar halitta ce, ba ta da alaƙa da ƙiwuya. Akwai wanda fahimtarsa ce gaba ɗaya take da nauyi, ya yi jinkirin tafiya, ya yi jinkirin magana. Akwai wanda ba ya iya zama wuri ɗaya, hankalinsa kamar tsuntsu. Akwai mai in'ina, wanda ya san karatun sarai, harshe ne ya ƙi ba shi hanya. Sannan akwai wanda ba abin da ya sami kansa, kunnensa ne ba ya ji sosai, ko idonsa ba ya gani sosai, ba wanda ya lura.

Kuma waɗannan abubuwa da yawansu suna da sababi sananne. Ƙasarmu ƙasar sanƙarau ce, mun ga annobarsa a 1995, mun sake ganinta a 2015, kuma yaron da ya tashi daga sanƙarau sau da yawa yakan tashi da raunin ji. Zazzaɓin cizon sauro in ya hau kai har yaro ya yi ta suma, yakan bar tabo a ƙwaƙwalwa. Doguwar naƙuda tana yin haka. Tamowa tana yin haka, kuma wanda ya ga shekarar 2005 a jihohin Maraɗi da Damagaram ba sai an ba shi labarin tamowa ba. Ruwa ba ya tsami banza. Kafin a ce sammu, kafin a ce iska, a tambayi uwa abin da ya sami yaron nan tun yana goye.

To, yaya makarantunmu suke da irin waɗannan yara? Zan fara da alherinsu, don yana da yawa, kuma masu zaginsu ba su san shi ba. Makarantar allo ba ta korar yaro don ya faɗi jarrabawa. Ba ta da ƙarshen shekarar da za a ce wane ya wuce, wane ya maimaita aji. Kowane yaro da allonsa, kowa da inda ya tsaya, ba a wanke wa yaro sai ya iya, kuma mai izu 20 da mai babbaƙu tabarma ɗaya suke zaune. Malam yana biya wa kowa shi kaɗai, baki da baki. Karatun da kunne yake shiga kafin ido, ana maimaita shi safe da yamma har ya zauna. Shi ya sa tun kaka da kakanni muke da makafi alarammomi. Kuɗinta kaɗan ne, ƙofarta a buɗe take, malamin ya san uban yaro ya san kakansa. Yaro nawa ne lakwal ta gaji da su, zaure ya karɓe su? Duk wanda ya zauna ya tsara makaranta domin yaro mai nauyin karatu, da wuya ya tsara abin da ya fi wannan asali.

Amma mun ɓata wannan asali da hannunmu. Abu na farko shi ne yawa. Malami ɗaya, yara 70 ko 80, dole ya miƙa ƙanana ga gardi ko ga wani babban almajiri wanda shi kansa yaro ne, bai san komai a kan renon zuciya ba sai dorina. Mai kaifin kai yana kusa da malam domin shi ne zai fito da sunan makaranta ranar sauka, mai nauyi yana can bakin ƙofa yana kaɗa kai cikin hayaniya, leɓɓansa suna motsi, ba wanda ya san ba ya karanta komai. Na biyu shi ne duka da baƙar magana: jaki, dolo, daƙiƙi. Na uku, kuma shi ya fi tsorata ni, shi ne shiru. Yaro ya shekara huɗu a kan allo ɗaya, malam yana karɓar kuɗin Laraba, bai taɓa taka ƙafa ya je ya gaya wa uban gaskiya ba. Ranar da yaron zai bar makaranta, bai iya karatu ba, bai kuma iya alwala ba, domin mun ce ba a shiga Ahalari da Ishmawi sai an yi nisa a allo. Wannan cin amana ne, ko da ba da niyya aka yi shi ba.

Ƙananan Islamiyyun da suka yawaita a unguwanni kuwa sun zo da gyara mai kyau: tsabta, tajwidi, koyar da salla tun da wuri, da karantar da ƴaƴa mata. Allah Ya saka wa masu su da alheri. Sai dai sun ɗauko wani abu daga lakwal wanda yake cutar da yaron da muke magana a kansa, wato aji ɗaya, darasi ɗaya, gudu ɗaya. A ƙarshen zango a kira na ɗaya da na biyu a ba su kyauta, a kira na ƙarshe a yi masa ihu. Makarantar da take rayuwa da kuɗin wata tana son a ji ta yaye mahaddata, yaron da ba zai haddace ba kuwa ya zama kaya a wuyanta. In mace ce ma abin ya fi sauƙin ɓoyewa, sai a ce ta zauna gida ta ɗauki talla, ba mai sake tambaya.

Yanzu mu auna wannan da ma'aunin Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, cewa gwanin karatun Alƙur'ani yana tare da mala'iku masu daraja, wanda kuwa yake karantawa yana tuntuɓe, karatun yana yi masa wuya, lada biyu gare shi. Ku ji fa, malamai. Yaron da muke duka saboda tuntuɓe, a daidai lokacin ana rubuta masa lada biyu. Mu kuma me ake rubuta mana? Abu Dawuda ya ruwaito cewa wani mutum ya zo ya ce ba ya iya riƙe komai na Alƙur'ani, a koya masa abin da zai isar masa. Annabi bai kore shi ba, bai kunyata shi ba, sai ya koya masa tasbihi da tahmidi da hailala da kabbara da lahaula. Muslim ya ruwaito daga Anas cewa wata mace mai taɓin hankali ta ce tana da buƙata wurin Annabi, ya ce ta zaɓi hanyar da take so, ya je ya tsaya da ita har ta gama maganarta. Suratu Abasa kuwa kowa ya san dalilin saukarta: Abdullahi ɗan Ummu Maktum, makaho, ya zo neman sani a lokacin da Annabi yake fuskantar manyan Ƙuraishawa, sai Allah Ya saukar da sura a kan haka, muna karanta ta har gobe. Kada mu manta Annabi Musa, wanda Allah Ya yi magana da shi, ya roƙi a warware masa ƙullin da ke harshensa. Mai yi wa mai in'ina dariya ya tuna da wannan.

Malaman mazhabarmu ma ba su bar maganar a sake ba. Muhammadu ɗan Sahnun na Ƙairawan, wanda ya rasu a shekara ta 256 bayan Hijira, ya rubuta littafi a kan ladubban masu karantar da yara. A ciki ya hana malami duka cikin fushi, ya hana dukan fuska da kai, ya iyakance horon karatu ga bulala uku sai da izinin uba. Wannan fa ga yaron da ya iya ya ƙi ke nan. Wanda ya so ya kasa, da wane laifi za a hore shi? Ibnu Haldun, wanda ya rasu a 808, ya keɓe fasali a Muƙaddimarsa yana bayyana cewa tsanani ga ɗalibi yana kashe masa zuciya, ya koya masa kasala da ƙarya da yaudara don tsoron hannu. Kuma malaman tarihi sun kawo labarin Rabi'u ɗan Sulaimanu, almajirin Imamu Shafi'i, cewa mai jinkirin fahimta ne. Wata rana Shafi'i ya maimaita masa mas'ala ɗaya sau 40 bai gane ba, ya tashi daga majalisi don kunya. Shafi'i ya kira shi su biyu, ya yi ta maimaita masa har ya gane. Wannan Rabi'un shi ne ya zama babban mai ruwaito littattafan Shafi'i bayan rasuwarsa a 204. Da an ce masa daƙiƙi ranar nan ya tafi bai dawo ba, dubi abin da al'umma za ta rasa.

Ku manoma kun fi kowa sanin wannan. Gero yakan nuna da wuri, maiwa sai ta ɗauki lokacinta. Ban taɓa ganin manomin da ya tuge maiwarsa don geron maƙwabcinsa ya isa girbi ba.

Saboda haka, ƴan'uwana malamai, ga nasihata gare ni da ku. Duk yaron da ya yi wata shida bai motsa ba, ka kira shi kai da shi, ba a gaban yara ba. Ka yi masa magana daga bayansa a hankali ka ga ko yana ji. Ka nisanta allo ka kusanta shi ka ga ko yana gani. Ka matso da shi kusa da gwiwarka, ka cire shi daga hannun gardi. Ka rage masa darasi: in tsaransa suna ɗaukar layi biyar, ka ba shi ɗaya, ka rubuta masa da manyan haruffa, ka bar shi ya zana harafin da yatsa a kan rairayi yana faɗin sunansa. In ido ya ƙi, ka bi ta kunne, ka ba shi Fatiha da gajerun surori da ka. Kuma kada ka jira ya yi nisa a allo kafin ka koya masa tsarki da alwala da salla a aikace. Haddace Alƙur'ani duka farilla ce ta kifaya, in wasu sun yi ta faɗi a kan saura. Amma salla tana kan kowane baligi mai hankali, kuma malamanmu sun ce wanda bai iya Fatiha ba wajibi ne ya koya in zai iya, in ba zai iya ba ya bi liman. Wanda hankalinsa bai kai na taklifi ba kuwa, an ɗauke masa alƙalami, sai a koya masa abin da zai iya cikin rahama. Ka hana yara kiran sa da sunan banza, domin Suratul Hujurati ta hana jifan juna da miyagun laƙubba, kuma ba ta ware zauren makaranta ba. Sannan ka je ka gaya wa iyayensa gaskiya, ko da za ka rasa kuɗin Larabarsa.

Ku kuma iyaye, kada ku ɗora wa malami abin da ba ku ba shi ƙarfinsa ba. A ce yara 80, kowa ya kawo dala goma ranar Laraba, jika huɗu ke nan a mako, in duk sun kawo, kuma kun san ba duka suke kawowa ba. Da wannan zai ci da iyalinsa, da wannan kuke so ya ɗauki mataimaki? Masu hali, wannan wata ne na ciyarwa. Mutum ɗaya zai iya ɗaukar nauyin mataimakin malami na shekara, wanda aikinsa shi ne zama da yara biyar ko shida masu nauyin karatu. Mun iya gasar gina hasumiya da sayen lasifika, mu gwada gasa a nan. Ku kai yaro likita a duba kunnensa da idonsa, addu'a da magani ba sa faɗa da juna. Ku karɓi rigakafin sanƙarau, da maganin zazzaɓin da ake raba wa ƙananan yara da damina. Wanda aka tabbatar kurma ne, akwai makarantun kurame a Yamai da Maraɗi da Damagaram, akwai ta makafi a Yamai, kai yaro can ba ya hana shi addininsa. Kuma ku haɗa masa karatu da sana'a tun da wuri, ɗinki ko kiwo ko gyaran babur, domin sau da yawa abin da Allah Ya rage a allo Yakan ƙara shi a hannu.

Yanzu ke baiwar Allah mai tambaya. Ɗanki ba shi da zunubi, domin ƙarshen Suratul Baƙara ya tabbatar mana Allah ba Ya ɗora wa rai abin da ya fi ƙarfinsa. Yadda kika siffanta shi, hankalinsa lafiya lau yake, haruffa ne suke ba shi wuya, kada ki zargi kowa da sammu ba da hujja ba. Maganar tafiya kuwa, ina roƙon mahaifinsa, in yana saurare, ya dubi girman Allah ya janye ta. Yaro mai kaifin kai ma yaya ya ƙare a baƙon gari, ko Katsina ne ko Kano ko Zariya, da ƙoƙon bara a hannu, balle wanda zai zama abin dukan kowa, ba uwa kusa da zai kai wa kuka? Alhaji, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ka bar shi a gabanka, ka nemi malami mai haƙuri ko da ba shi da suna, ka zauna da shi ku yi magana a fili a kan abin da kuke so yaron ya samu: sallarsa, surorin da zai yi ta da su, da son Alƙur'ani. In Allah Ya buɗe masa fiye da haka, falalarSa ce. Sannu ba ta hana zuwa.

Jama'a, mun saba auna makaranta da yawan waɗanda suka yi sauka a cikinta. Ni dai a shekarun da na kai yanzu, abin da nake tsoron a tambaye ni gobe ƙiyama shi ne yaran nan na bakin ƙofa: da me suka fita daga hannuna, kuma in sun ji ana karatun Alƙur'ani, daɗi suke ji ko faɗuwar gaba? Kowane malami ya ƙirga nasa a daren nan. Wanda ya san akwai wanda ya zalunta, ya neme shi tun yana da rai ya roƙi gafara, ba watan da ya fi wannan dacewa da haka.

Ya Allah Ka gafarta mana abin da muka yi wa yaran mutane cikin jahilci. Ka jiƙan malamanmu da suka karantar da mu, Ka yafe musu kurakuransu. Ya Allah Ka buɗe wa ƴaƴanmu ƙirjinsu, Ka warware ƙullin harsunansu, Ka sanyaya zukatan iyayen da suke kwana da wannan damuwa. Ka ba ƙasarmu Nijar lafiya da zaman lafiya da damina mai albarka. Lokacin shan ruwa ya gabato, a nan za mu dakata. Gobe in Allah Ya kai mu za mu koma kan ladubban tilawa daga inda muka tsaya. A sha ruwa lafiya.